Tsohuwar bindigar .22 da aka bar mana gado: a riƙe ko a miƙa?

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Mahaifinmu ya rasu kafin azumi, Allah Ya jiƙansa. Da muka zo haɗa kaya domin rabon gado sai muka ciro bindiga a bayan sif, naɗe cikin tsohon bargo. Siririya ce, irin mai sakata, wadda sai ka ɗaga ka ja baya ka tura gaba da hannu kafin kowane harbi. A jikin ƙarfen an buga BSA da hoton bindigogi uku jingine da juna, sai kuma .22 L.R., wato irin harsashin da take ci. Gidan harsashinta ɗan ƙarami ne, yana cin biyar. Asalinta ta kakanmu ce, ya saye ta hannun wani Bature injiniyan reluwe da zai koma gida gab da samun 'yancin kai. Littafin lasisi yana nan da sunan mahaifinmu, amma an daɗe ba a sabunta shi ba. Yayyena sun ce a rabu da ita. Ni kuwa raina ya kwanta da ita, har na fara bincike na ga ashe a ƙasashen waje akwai masu tara irinta. Shin mutum zai iya riƙe wannan, har ma ya nemi wasu ya haɗa, a nan Kaduna?

Injiniya Barnawa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sa ya huta. Ƙanena, kafin komai: ka cire gidan harsashin, ka buɗe sakatar, ka leƙa da idonka ka tabbatar babu komai a ciki. Harsashin .22 yana iya shekara hamsin a kwance kuma ya tashi.

Yadda ka kwatanta ta, Sportsman Five ce. Kamfanin BSA na Birmingham ya yi su bayan yaƙin duniya na biyu zuwa tsakiyar shekarun 1950. Kamfanin tun 1861 yake, kuma shi ne dai mai keke da babur ɗin BSA da iyayenmu suka hau, tambarin bindigogi ukun nan har a kan keken ake ganinsa. Ka duba kusa da inda bututun ya haɗu da jikin, za ka ga ƙananan hatimai masu kambi. Na gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne, wanda aka kafa a 1813, domin a Ingila ba a sayar da bindiga sai an gwada ta an buga mata hatimi. Idan BNP ka gani, daga wajen 1954 zuwa sama ke nan. Idan BV da BP ne, ta girmi haka.

Ɗan Kakuri:
Na duba, Yaya. Babu harsashi, alhamdulillah. BV da BP ne, sai na haska da fitilar waya na gan su. Lambar da ke jikinta ita ce a littafin lasisin.

Barista Unguwar Rimi:
Allah Ya jiƙan mahaifinka. Bari in shigo tun maganar ba ta yi nisa a kan hatimi ba, saboda akwai abin da ya fi gaggawa.

Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa: mashinga, fistol, da bindigogin soja masu awon 7.62, 9, .300 da .303. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska, da raifal ɗin farauta da awonta bai faɗa cikin na soja ba. Lasisinsu daga Sufeto Janar yake fitowa. Taka a nan ta faɗo. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki, su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda ke ba wa izini.

Lasisi na mutum ne, ba ya shiga gado. Doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal daga rasuwar, ku kuwa kun wuce. Haka kuma dokar ba ta ware tsohuwa da sabuwa ba, har ɓangaren bindiga ma ta ƙirga shi a matsayin bindiga, don haka cire sakata ka ɓoye daban ba zai fid da kai ba. Riƙe ta kashi na biyu ba lasisi yana iya kai mutum ɗaurin shekara biyar. Sannan a Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya faɗa a fili cewa an dakatar da ba da sabon lasisi.

Shawarata: kada ka saka ta a but ɗin mota ka nufi caji ofis, shingen farko da aka tsayar da kai labari ya canza. Ku sami lauya ya rubuta wa Kwamishina, a haɗa da kwafin lasisin da takardar shaidar rasuwa, su za su faɗi yadda za a kai ta ma'ajiyar makamai. Ku karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambarta.

Maman Khalifa:
Barista, Allah Ya saka da alheri. Ni wallahi tun da na fara karantawa gabana ke faɗuwa. A garin nan da aka tare jirgin ƙasa a Maris ɗin 2022, aka kwashe ɗalibai a Afaka, aka kwashe yara a Kuriga, a nan ne za a zauna ana yabon kyan bindiga? Ɗana, akwai yara a gidan ko babu? Ɗan maƙwabciyarmu a tsohuwar unguwarmu haka ya tafi, shi da ɗan'uwansa suna wasa da abin da uban ya rantse babu komai a ciki. Uwar har yau ba ta dawo daidai ba. Ku miƙa ta ku huta.

Injiniya Barnawa:
Hajiya, gaskiyarki, kuma ba na so wani ya ji "ƙarama" ya raina ta. Kan harsashin bai kai giram uku ba, amma yana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa. Masu yin sa da kansu suna rubuta gargaɗin a jikin kwali.

Sai dai ina roƙon a bar mu mu faɗi me ya sa mutane ke son waɗannan, don yaron nan ya san abin da ke hannunsa kafin ya fita daga hannunsa. Harsashin .22 L.R. tun 1887 aka fito da shi a Amurka, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi yi a duniya, saboda arha ne, ƙararsa kaɗan, ba ya dukan kafaɗa. Bayan yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, wanda ya ƙare a 1902, Ingilawa sun ga manoma sun fi sojojinsu iya saiti. Sai Lord Roberts, babban kwamandan sojan Ingila, ya tsaya aka buɗe ƙungiyoyin koyon harbi da ƙananan bindigogi a garuruwa da masana'antu. Daga nan sana'ar ta bunƙasa. Kowace ƙasa ta yi nata: Winchester 52 a Amurka daga 1920, TOZ-8 a Tula ta Rasha, su Mauser a Jamus a shekarun 1930 aka yi su da siffar bindigar soja don horar da matasa. Wadda ni ta fi kwanta mini ita ce Brno ta Chekoslobakiya, musamman samfuri na 2 da ya fito a shekarun 1950. Ƙarfe ne zalla aka sassaƙa, har shekarar da aka yi ta suna bugawa da lamba biyu a gefe. China ma kwaikwayonta ta yi a JW-15. Mai tarawa ba harbi ne ya dame shi ba. Hatimi yake karantawa, ya ga ko lambobin sun dace da juna, ko katakon na asali ne, ko wani ya taɓa goge ta ya sake mata fenti.

Baba Sajan mai ritaya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta mini. Injiniya ka ambaci Brno, to bindigar Bren da muka sani a bariki sunanta daga nan ya fito, Brno da Enfield aka haɗa.

Mahaifina ɗan Bama ne, wato cikin sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama (Burma), yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Da .303 suka yi yaƙin, mai sakata, cin goma. Ni ma da na shiga Depo a Zariya na taɓa ta kafin a kawo masu sarrafa kansu. Abin da mai sakata take koya maka shi ne haƙuri. Harbi ɗaya, ka buɗe, kwanso ya fita, ka rufe, ka sake numfashi. Turawa sun san haka, shi ya sa suka mai da wasu .303 ɗin zuwa .22, daga baya suka yi Lamba 8 musamman don koyar da yara 'yan kadet. Nauyi kusan ɗaya, riƙo ɗaya, amma kuɗin harsashi kaɗan.

Amma ɗana na Kakuri, ka ji maganar Barista. Mu da muka yi shekaru muna kwana da bindiga, ranar da muka ajiye kaki a ma'ajiya muka bar ta, muka sa hannu muka fito. Mahaifina ma lambobin yabo da littafin sallama kawai ya dawo da su gida, kuma su ne a akwatina yanzu.

Ɗan Kakuri:
Allah Ya ƙara girma, Baba. Na ji. Hajiya, akwai yara, 'ya'yan yayana. Tun ranar na kulle ta a ɗakin marigayin, makullin yana aljihuna.

Matashin Rigasa:
Ni fa a nan nake da ja. Wanda ke dajin Birnin Gwari da AK-47 a kafaɗa wa ya ba shi lasisi? Sai bawan Allah da ya gaji 'yar bindigar harbin zabi, mai littafi, mai suna da adireshi, shi ne doka za ta kama? Ko a 2022 ai gwamnan Zamfara na lokacin cewa ya yi jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Wannan ba adalci ba ne. Da ni ne, in binne ta in yi shiru.

Barista Unguwar Rimi:
Ƙanena, zafin da kake ji ni ma ina jinsa, kuma ina cikin masu ganin dokar 1959 ta tsufa, tana bukatar gyara, har da buɗe hanya ga kayan tarihi. Amma gyaran a majalisa ake yinsa. Wanda ya binne, ranar da aka yi rikici a unguwa aka zo bincike gida-gida, ko wani ɗan'uwa da bai ji daɗin rabon gado ba ya kai tsegumi, ba wanda zai tsaya sauraron labarin kaka da reluwe. Sanarwar Zamfara da ka ambata ma ba ta canza komai a dokar ba, domin lasisin irin wannan ba a hannun gwamna yake ba.

Sarkin Baka na Kujama:
Matashi, ni maharbi ne ɗan maharbi, bari in gaya maka. Wannan ba abin tare ɓarayin daji ba ce, kada ka sa yaro ya ɗauka yana da kariya. Ta zabin daji ce da zomo da kurciya da gafiya. A zamanin iyayenmu wanda ke da irinta a ƙauye ana ji da shi, don ba ta lalata nama, rami ɗaya take yi, kuma ba ta korar sauran garken da ƙara. Mu namu adaka ne, ka ɗura albarushi ka danna da sanda, hayaƙi ya rufe ka kafin ka ga abin da ka samu. Kuma binnewar da ka ce, damina ɗaya ta ishe ta. Gara ta cinye katakon, tsatsa ta cinye cikin bututun. Ka rasa tarihin, ga laifi a wuyanka.

Malamar Tarihi:
Maganar Sarkin Baka ta taɓo wani abu da nake koya wa ɗalibaina. Ba haka kawai aka wayi gari adaka a hannun talaka, raifal a hannun Bature ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, daga digiri 20 arewa da layin tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu da shi, aka bar musu masu ƙanƙara da ɗuri ta baki. Shekara goma sha uku bayan haka aka ci Kano da Sakkwato, aka yi yaƙin Burmi a 1903, kuma bambancin makami yana cikin manyan dalilan. Ita Kaduna ma garin bariki da reluwe ce tun kafuwarta, a 1917 aka dawo da hedikwata nan daga Zungeru. To ku duba: ɗan ƙasa ma'aikacin reluwe ya sayi raifal hannun Bature gab da 1960, gwamnati ta ba shi littafi da sunansa. Wannan littafin shaida ne na lokacin da abubuwa suka fara juyawa. Ni a wurina ya fi ƙarfen daraja, kuma shi ba wanda zai kama ka don ka ajiye kwafinsa.

Ɗan Kakuri, akwai tsohon littafin kakan, ko rasit, ko hoto?

Ɗan Kakuri:
Akwai, Malama. Na kakan yana cikin wata jakar fata, takardar ta yi ja, hatimin kowace shekara a jere, kuɗin da fam da sule aka rubuta. Akwai hoto baƙi da fari, yana tsaye da gajeren wando da doguwar safa, bindigar a hannu, zabi biyu a ƙasa gabansa. A bayan hoton an rubuta Kafanchan da alƙalami.

Malamar Tarihi:
Allahu Akbar. Kada ka sa musu salatef, kada ka kai a liƙe su da roba mai zafi, yana kashe takarda. Ka ɗauki hotonsu da rana a inuwa, ka sa su cikin farar takarda a ambulan. Gidan Arewa da ke titin Rabah, wanda aka buɗe a 1970 a gidan Sardauna, aikinsu ke nan, takardun tarihin Arewa. Ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a titin Yakubu Gowon, inda fayil-fayil na zamanin Turawa suke.

Malam na Tudun Wada:
Allah Ya gafarta wa mamacin. Abu biyu zan ƙara. Na farko, bindigar nan dukiyar magada ce gaba ɗaya, maza da mata, har da iyayenku mata idan suna raye. Son da kake mata bai ba ka ikon yanke hukunci kai kaɗai ba, ko riƙewa ko miƙawa. Ku zauna kowa ya ji, kowa ya yarda. Na biyu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne. Ina faɗin haka ne saboda na san matasa, za a so a ɗauki hoto da ita kafin ta tafi. A ɗauki hoton ita kaɗai a shimfiɗe, bakinta na kallon bango.

Injiniya Barnawa:
Madalla, Malam. Kan hoton nan, ƙanena, ka yi shi da kyau don shi zai rage maka. Shimfiɗa farin zane, ka ɗauki gefen dama da na hagu, sannan ka matso kan tambarin, kan lambar, kan kowane hatimi, da wurin saiti na baya mai 'yan lambobi. Ka ɗauki gindin katakon inda hannun kakanku ya cinye fentin, wannan wurin ba a samunsa a wata bindigar.

Kuma don Allah kada ka "gyara" ta. Mutanenmu da sun ga tsohon ƙarfe sai a ɗauko sandfefa a goge har ya yi fari, a shafa wa katako banish mai ƙyalli. A wajen masana, an kashe ta ke nan. Ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya isa ga ƙarfen. Ka raba ta da bargon nan, bargo yana riƙe laima, shi ke kawo ɗigon tsatsa lokacin damina, hunturu kuma ya zo ya busar da katakon ya tsage. Kada kuma ka riƙa jan kunamar babu harsashi don jin ƙara. Irin wannan a gefen kwanso allurar take duka, idan babu kwanso sai ta daki bakin ɗakin harsashin ta yi masa tabo.

Maman Khalifa:
To ni dai duk wannan shafe-shafen man bai kwanta mini ba, amma tunda an ce lauya zai rubuta, Allah Ya sa a yi da wuri. Ɗana, makullin nan kada ya kwana a aljihun rigar da ka rataye.

Matashin Rigasa:
Na ji bayanin Barista, ba zan ce a binne ba. Amma har yanzu abin yana mini ciwo. A Kakuri ɗin nan DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, take tun 1964, Jamusawan Fritz Werner suka kafa injinan, an ƙera bindigar soja BM59 a nan garin. Yaro ɗan Kaduna zai girma bai taɓa ganin ko ɗaya a bayan gilashi da bayani a ƙasa ba, sai dai ya ga bindiga a hannun wanda ya tare hanya. Sai an je Umuahia, gidan tarihin yaƙi, kafin a ga irin waɗannan a jere.

Malamar Tarihi:
A nan kam muna tare. Tarin da zai yiwu a ƙasar nan na hukuma ne, ba na ɗaki ba. Gidan tarihi na ƙasa yana nan kan titin Ali Akilu tun 1975. Da za a sami sashe guda da zai fara daga kwari da baka, ya bi ta adakar 'yan bindigar Sarkin Zazzau da ake bugawa a hawan sallah, ya zo .303 ta 'yan Bama, ya zo irin wannan .22 ta ma'aikata, ya ƙare da abin da aka ƙera a Kakuri, da ɗalibaina sun fahimci shekara ɗari a zagaye ɗaya. Barista, a wasiƙar da za a rubuta, ana iya roƙon cewa idan hukuma ta amince a ba gidan tarihi ita maimakon a lalata?

Barista Unguwar Rimi:
Ana iya roƙo, Malama, amincewa kuma tasu ce. Zai fi ƙarfi idan gidan tarihin ne da kansa ya rubuto yana so, magada kuma duka suka sa hannu. Amma a fara miƙawar tukuna, kada jiran amsar gidan tarihi ya zama dalilin ƙara wata guda da ita a gida.

Baba Sajan mai ritaya:
Malama, idan za ku je Gidan Arewa ku biyo ta Kawo ku ɗauke ni. Littafin sallamar mahaifina da lambobinsa ina so a ɗauki hotonsu su ma, akwai sunayen wuraren da suka bi a Bama a ciki, idona ba ya iya karanta su yanzu. Akwai gidaje uku a layinmu da iyayensu suka je tare da shi, zan sa jikana ya tambaye su ko nasu takardun suna nan.

Malamar Tarihi:
In sha Allahu, Baba. A ce musu kada su ware komai, ko katin asibitin soja ne ko ambulan da aka aiko da wasiƙa, su haɗo duka yadda suke.